Likita Marta Kanon

A cikin shekarar 1857 aka haifi wata yarinya mai suna Marta a ƙasar Wales. Tana ƙarama iyayenta suka yi ƙaura zuwa Yuta, a yammacin Amurka, suka isa a 1861. Tafiyar ta yi wuya ƙwarai. Ƙanwarta ta rasu a hanya, ubanta kuma ya rasu kwana uku bayan saukarsu.

Da Marta ta girma, sai ta ƙudura zama likita. Ta kama aikin jera haruffa a gidan ɗab'i, tana tara kuɗin makaranta, har ta sami shaidar likita a Jami'ar Mishigan a 1880. Sa'an nan ta komo gida tana duba marasa lafiya.

Amma aikin likita yana da iyaka. Mutum ɗai ɗai yake yi wa magani, alhali kuwa ruwa mai ƙazanta yana iya kwantar da gari duka. Wannan sai doka. A 1896 Marta ta tsaya zaɓen Majalisar Dattawan Jihar Yuta. Mijinta, Angus Kanon, yana cikin abokan takararta. Da aka ƙidaya ƙuri'u, ita ta ci, shi kuwa ya faɗi. Ita ce mace ta fari da ta shiga irin wannan majalisa a Amurka.

A majalisa ta kawo dokar kafa hukumar lafiya ta jiha, domin kula da tsabta da hana yaɗuwar cuta. Ta kuma kawo dokar karantar da yara kurame da makafi. Ta rasu a 1932, amma aikinta ya ci gaba da tsare mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Lalle rigakafi ya fi magani.