RAGOWAR CIWO A JIKI BAYAN KORONA



Kowannenmu ya san saniyar da ta tashi daga boru. Bakin ya warke, kofato ya warke, amma wata sai ka ga tana haki, tana bin inuwa, nono ya ragu. To, ɗan Adam ma haka yake bayan wasu cututtukan numfashi, musamman korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta sa aka rufe mana iyakoki a 2020.

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan ragowar ciwo. Ta ce alamu ne da ake gani wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, kuma ba a gano wani ciwo dabam da ya jawo su ba. A lissafinta, cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 6 na samun haka, har da waɗanda ciwon bai kwantar da su ba.

Alamun su ne gajiya wadda barci ba ya kashe ta, haki daga 'yar tafiya, bugun zuciya, rashin jin ƙamshi, da mantuwa. Mutumin da ke ƙirga shanu da kai sai lissafi ya dinga kuɓuce masa a tsakiyar ciniki. Dalili kuwa, ƙwayar cutar ba huhu kaɗai take taɓawa ba, har da hanyoyin jini, kuma garkuwar jiki kan ci gaba da faɗa bayan cutar ta wuce.

Abin lura shi ne, wahala tana tayar da shi. Ka yini a kara yau, gobe ko jibi ka kasa tashi. Don haka a raba aiki, a huta kafin ƙarfi ya ƙare, a bar yara su yi lodi. Kada a rufe gajiya da tiramol, ƙarin wata cutar ce. Kafso ma ba ya kashe irin wannan ƙwaya.

Masu doguwar tafiya daga Maraɗi ko Birnin Ƙonni zuwa Legas, a kula. Korona na ƙara haɗarin daskarewar jini, dogon zama a mota ma haka. A riƙa sauka ana taka ƙafa, a sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko ƙirji ya riƙe, maza a nufi likita. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, a auna majina saboda tarin fuka.

Da yawa suna samun sauƙi a hankali, kuma allurar rigakafi na rage haɗarin. In yaronka ya ce ya gaji, kada ka ce lalaci ne. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.