Magarya da Dungas: gyambon ƙuna da kankara ke ƙara wa faɗi

Da hunturu ya kama, masu ƙuna kan ƙaru a cibiyoyin lafiya na CSI a gundumomin Magarya da Dungas: yaron da ya faɗa murhu wajen jin ɗumi, matar da tafasasshen mai ya fallatsar wa, saurayin da fetur ɗin kwalba ya kama da wuta a hannunsa. Idan ƙuna mai zurfi ta ƙi warkewa, galibi ƙwayoyin cuta ne suka shige ta, kuma maganinta sananne ne: a wanke, a kankare mataccen nama, a ba da antibiyotik. Sai dai akwai wani gyambo da wannan aikin ke ƙara haukatawa.

Likitoci na kiransa piyodarma gangirenozum. Likitan fata na Faransa, Louis Brocq, ya bayyana siffarsa a farkon ƙarni na 20, sannan wasu likitocin Amurka suka raɗa masa wannan suna a 1930. Ba ya da yawa: ƙiyasin da ake yi shi ne mutum 3 zuwa 10 cikin miliyan guda a shekara.

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, sai su yi dafifi a bakin rauni su riƙa cin fata mai lafiya. Ga wasu masu wannan ciwo, duk inda aka sake ji wa fata rauni, ko da tsinin allura ne, sabon gyambo na iya ɓullowa. Shi ya sa mai ƙuna ke cikin haɗari: kowace kankara sabon rauni ce, kuma idan aka yi masa dashen fata, har wurin da aka yanko fatar kan iya rikiɗewa ya zama gyambo.

Yakan fara da ɗan ƙurji mai mugunya, ya fashe, ya yi ta faɗi cikin ƴan kwanaki. Bakinsa na tasowa, ƙarƙashinsa a rarake, launinsa tsakanin ja da shuɗi, ko da yake a baƙar fata abin da ido ke gani duhu ne kawai. Zafinsa kuwa ya fi ƙarfin girmansa, saɓanin gyambon Buruli da ba ya cika ciwo da farko. Kusan rabin masu shi na ɗauke da wata cutar a ɓoye, kamar kumburin hanji mai daɗewa, ciwon gaɓoɓi ko cutar jini.

Babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Likita kan gane shi ne bayan ya kawar da sauran zato, wani lokaci sai an ɗebi ɗan nama an duba. Maganinsa wanda ke kwantar da garkuwar jiki ne, kortizon ko siklosporin, tare da ɗauri mai taushi.

A nan ne babban haɗarin yake. Kortizon ɗin da ke ceton mai wannan gyambo na iya halaka wanda ƙwayoyin cuta suka shiga ƙunarsa, su kuwa su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Ga shi kuma ana samun irin waɗannan ƙwayoyi a tiren masu tallar magani a kasuwannin kan iyaka, har wasu na shan su don ƙiba. Sayen su don gyambo ganganci ne.

Abin da ke hannun dangi shi ne lura da ba da labari. Idan ana ta antibiyotik ba sauƙi, kuma bayan kowace kankara raunin na ƙara faɗi da zafi, a faɗa wa ma'aikacin lafiya haka ƙarara, har da batun gudawa mai jini ko ciwon gaɓoɓi idan majinyacin ya taɓa yi. A nemi takardar turawa zuwa asibitin gundumar Magarya ko babban asibitin Damagaram, kafin a sake sa wuƙa a wurin.