Waƙar da ke tafe da labari: daga dandali zuwa majigi

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisarmu ta bakin kasuwar Madarumfa. Samari na cewa waƙa a cikin fim ɓata lokaci ce, da zarar an fara kiɗa sai su sa yatsa a kan salula su tsallake. Wasu dattawa kuma na cewa ai baƙuwar ɗabi'a ce da Indiyawa suka kawo mana. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Tun ina yaro nake ƙaunar wasan da ake ba da labarinsa da waƙa, ko a daɓe ko a majigi, kuma na daɗe da gane cewa abin ya riga fim zuwa ƙasar Hausa. Indiyawan ma a daɓe suka koya kafin kyamara ta iske su.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ke faruwa idan azumi ya kai kwana goma. Bayan an sha ruwa yara su fantsama gida-gida suna tashe. Ga yaron da ya manna gemun auduga, ya ranƙwafa bisa sanda, ya zama tsoho. Ga Jatau Mai Magani da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙullensa, yana jero magunguna ana amsa masa. 'Yan mata kuma su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, a tsara zaman aure kaf a tsakar gida. A duba da kyau: akwai sutura, akwai ɗan wasa, akwai 'yan amshi, akwai 'yan kallo da ke biya da hatsi ko 'yan kuɗi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, in ka cire waƙar babu sauran wasa, don a cikinta labarin yake. Wannan shi ne ainihin abin da ake sayen tikiti mai tsada a kalla a manyan gidajen wasa na Landan da New York, sai dai su suna da fitilu da makaɗa masu albashi.

A nan Nijar an taɓa ɗaukar abin da muhimmanci. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 an farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, na farko a Damagaram, yana zagayawa jiha-jiha. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a matakin gari da na gunduma, saboda haka ƙauyukanmu ma sun san daren gwaji. Ana gasar waƙa, ana gasar tiyatir, ana kuma gasar abin da ake kira bale, wato labarin da ake bayarwa da kiɗa da rawa da waƙa. Yayyenmu mata da suka shiga wannan harka har yau in hira ta yi daɗi sai ka ji sun tuno baitukan da suka rera. Gaskiya ne gwamnati ta yi amfani da dandalin wajen isar da saƙonta, wani lokaci har waƙa ta koma sanarwa. Duk da haka a wannan zamanin ne irin su Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi, suka nuna cewa wasan Hausa na iya cika fili ya kuma cika rediyo da tele.

To, ina Indiya ta shigo? Kafin a yi fim mai magana a can, akwai ƙungiyoyin wasan daɓe na Farisawan Bombay da ke yawo gari-gari, wasanninsu cike da waƙoƙi. Fim ɗin Indiya na farko mai sauti, Alam Ara na Ardeshir Irani, ya fito a 1931, daga wasan daɓe aka ɗauko shi, kuma yana da waƙoƙi 7. Shekara guda bayan haka aka yi Indrasabha, daga wasan da Amanat ya rubuta a Lucknow wajen 1853, da waƙoƙi kusan 70 a fim guda. Ke nan masu fim sun tarar da jama'ar da ta saba jin labari da waƙa, suka bi ta. Mu ma da finafinan suka iso sinimomin Kano da Maraɗi, kunnenmu a shirye yake. Ba ma jin Indiyanci, amma mun san abin da ake nufi idan budurwa ta rera saurayi ya amsa, don haka ake yi a dandali da hasken farin wata.

Fim ɗin da ya kama zuciyata fiye da kowanne shi ne Mughal-e-Azam na 1960. A gidan bidiyo na fara ganinsa, bisa benci, injin wuta na ruri a bayan zana, kaset ɗin ya sha jiki har hoton na rawa. Daga baya ne na san asalinsa wasan daɓe ne mai suna Anarkali, wanda Imtiaz Ali Taj ya rubuta da Urdu a Lahore a 1922. Labarin gajere ne: Yarima Salim, ɗan Sarki Akbar, ya kamu da son wata baiwa mai rawa a fada, uban ya ce sarauta ba ta yarda ba. K. Asif ya ba da umarni, Dilip Kumar ya fito a Salim, Madhubala a Anarkali, Prithviraj Kapoor a Akbar, Naushad ya tsara kiɗa.

Akwai wurin da nake so mai karatu ya tsaya. An kama Anarkali, an sa mata sarƙa, an ce ta rabu da yarima. Sai aka kawo ta zauren madubai ta yi rawa gaban sarki da fadawa. Baiwa ba ta da bakin da za ta tsaya gaban Akbar ta ce masa a'a. Da ta faɗa da magana, da ba ta kai ƙarshen jimla ba. Amma aikinta waƙa ne, kuma ba a katse mawaƙiya a tsakiyar baiti. Sai ta yi amfani da wannan dama ta shaida wa duk fada cewa tana son ɗan sarki kuma ba ta jin tsoro, da muryar Lata Mangeshkar, hotonta na bayyana a ɗaruruwan ƙananan madubai ta yadda duk inda sarki ya juya ita yake gani. Yawancin fim ɗin fari da baƙi ne, amma wannan wurin da launi aka ɗauke shi. Wanda ya tsallake wannan waƙa ba zai gane dalilin da uba da ɗa suka fita fagen yaƙi ba. Bahaushe kuwa bai buƙatar a yi masa bayani, don ya san makaɗin fada na faɗa wa sarki a cikin waƙa abin da waziri ba zai iya faɗa a zaune ba, ya kuma san amarya na kuka da waƙa ranar da za a kai ta.

Fim ɗin bai bi wasan sau da ƙafa ba. A wasan Taj, an gine Anarkali da ranta a cikin bango, labari ya ƙare. A fim kuwa Akbar ya tuna alkawarin da ya taɓa yi wa mahaifiyarta, ya bari aka fitar da ita ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, bisa sharaɗin Salim ya ci gaba da zaton ta mutu. Ni na fi ganin ƙarfin ƙarshen wasan, ko da yake na san dalilin sauyin: mai fim yana son jama'a su fita sinima ba su tsani sarkin ba. An sake fitar da fim ɗin da launi gaba ɗaya a 2004, sannan a 2016 Feroz Abbas Khan ya mayar da shi daɓe a Mumbai, 'yan wasa na rera waƙoƙin da bakinsu.

Haka abin yake a wasu wurare. West Side Story ya fara a daɓe a 1957 kafin fim ɗin 1961, The Sound of Music a 1959 kafin na 1965. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sarafina na Mbongeni Ngema, da aka fara a Johannesburg a 1987, a kan ɗaliban Soweto da suka tashi a 1976. Da aka mayar da shi fim a 1992, Leleti Khumalo da ta riƙe wasan a daɓe ita ta sake fitowa, tare da Miriam Makeba da Whoopi Goldberg. Ana jin bambanci a jikin 'yan wasan da suka shekara suna rera abu gaban mutane masu rai. Sun san inda numfashi ke ƙarewa, sun san inda 'yan kallo ke yin tsit.

A Hausa ma an bi wannan hanya, ko da yake ba da waƙa aka gina wasannin ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan daɓe a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina shi ma daga wasa ya koma fim. Da finafinan Kano suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai waƙa ta dawo da ƙarfinta. Sangaya na 1999, inda Ali Nuhu ya fito a yarima Fati Muhammad kuma a yarinyar da ke aiki a gidan sarauta, ya ratsa har nan ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, babu gidan biki da ba a ji shi ba. Na so shi, har gobe ina son shi.

Abin da ya biyo baya ne ya ɓata wa waƙar fim suna. Da aka ga waƙa ce ke sayar da kaset, sai aka koma yin ta tun kafin a san labarin, a sa fiyano, a kai saurayi da budurwa lambu su canza kaya, a liƙa a duk inda aka ga sarari. Irin wannan in ka cire ta babu abin da ya ragu, don haka ban ga laifin yaron da ya tsallake ta ba. Laifin na wanda ya manta cewa a tashe ma yaro ba ya rera baitin da ba ya cikin wasansa. Yanzu kuma finafinai masu dogon zango sun rage waƙa ƙwarai, wasu na murna an waye. Ni asara nake gani, don mun bar abin da muka fi kowa iyawa.

Abin da ake buƙata duk yana nan kusa. Matan da suka yi bale a zamanin samariya suna raye a Madarumfa da Jiratawa da Safo, waƙoƙin na bakinsu, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Ga tafkinmu da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, ga masunta da labaransu, ga tarihin Katsinawan da suka kafa Maraɗi. Ko ɗaya ya isa wasa mai waƙa na awa biyu. Ina roƙon malaman lakwal da gidajen rediyon jiharmu su je su naɗi muryoyin waɗannan iyaye tun suna da ƙarfi, su ba ɗalibai su hau daɓe da su a ƙarshen shekara. Masu fim na Maraɗi da Kano kuma su zo su zauna cikin 'yan kallo, su ga wurin da jama'a ke amsawa, sannan su ɗauko kyamara.