Hayaƙin murhu da garwashin ɗaki: a yi hattara a wannan hunturu

Jama'a, sanyi ya shigo. Daga Magarya zuwa Bande, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo, da asuba za ka tarar da hayaƙi kwance bisa gari. Mun saba da shi har ba mu ɗauke shi wani abu ba. To amma me muke shaƙa a cikinsa?

Duk abin da aka ƙona, itace ne ko kara, kashin shanu ko gawayi, har gazuwal na injin niƙa, yana fitar da ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Ita ce ke wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Uwa na tuƙa tuwo cikin madafa marar taga, goyonta na baya yana shaƙa tare da ita. Daga nan sai tari, jan ido, asma da ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu yara ƙasa da shekara 5 sama da 237,000.

Akwai kuma wata iska mai guba, kabon monokzayid, ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shigar da kaskon garwashi ɗaki aka rufe ƙofa, ko aka tada janareta a ciki, takan hana jini ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya. Mai barci kan wuce bai farka ba. In kun ga haka, ku fitar da mutum waje, ku garzaya asibiti.

Ɓarnar ba ta tsaya ga jiki ba. Gawon da manomanmu suka raina cikin gonaki, wanda ke ba ƙasa taki, shi ma gatari na binsa saboda makamashi.

Mafita? A yi girki a fili ko a buɗe taga. A bushe itace sosai, a daina hura wuta da leda. Murhun Mai Sauƙi ko na laka yana rage cin itace. Mai hali ya koma ga gas, tunda matatar SORAZ ta Damagaram tana samar da shi tun 2011. Kafin a kwanta kuma, a fitar da garwashi waje. Bargo ya fi shi aminci.

Allah ya ba mu lafiya.