Jarin da ke kwance cikin akwatinmu

Ƴan uwa mata, duk sa'ad da salla ta gabato ko biki ya taso, da yawa daga cikinmu mukan nemi bashi a asusu don sayen atamfa. Alhali kuwa akwatunanmu cike suke da anko na bara da na bara waccan, wasu sau biyu kawai aka ɗaura su. Bashin tufa ba ya haihuwa, amma ranar biya ba ta fashi.

Ga kuma tsada. Dilolin gwanjo, wanda muke kira bosho, ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano aka saba kawo su. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa sai sun biyo ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai. Hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, mai saye kuwa shi ke biya.

To, mene ne dubara? Ai sunanmu ke nan. Tun 1991, da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tushen aikin shi ne a fara da abin da ke hannu. Maƙeran Katako ma haka suke yi: tsohon alminiyom suke narkewa su fitar da tukunya sabuwa. Mu ma mu buɗe akwati, mu kasa tufafin kashi uku.

Kashi na farko, masu sauran ƙarfi. Turmi yadi shida ne, zane uku ke nan. Zane guda ya isa rigar yarinya, kuɗin tela kawai za a biya. Wanda ba mu da bukatarsa, mu ba dillaliya ta sayar, kuɗin ya shiga zubin sati ko jarin sana'a.

Kashi na biyu, na kyauta. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, lokacin da kogin Kwara ya shiga gidaje a Lamorde da Saga, mutane suka fito da kayan jikinsu kawai. Kowace ƙungiya ta ajiye buhu guda kusa da asusun taimako, don ranar ruwa ko gobara, da kuma ɗarin Disamba da Janairu da ke dukan almajirai. Amma fa a wanke, a ɗinke yaga, a sa maɓalli. Abin da za mu ji kunya a gan mu da shi, ba sadaka ba ne. A kai shi kuma cikin sirri.

Kashi na uku, waɗanda suka mutu. Su ma da sauran aiki. A haɗa ƙyallaye a yi zanen gado ko majanyi, a cusa ƙanana a matashin kai, a yi gammo. A ɗinka jakar cefane, tun da dokar hana leda tana nan tun 2014, ko da yake har yanzu leda ce ke toshe mana magudanai. Akwai kuma dubarar wake: idan ya tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando cike da tsummoki, a lulluɓe. Zafin zai ƙarasa dahuwar, gawayi ya ragu. A yi wannan da auduga kawai. Don ganewa, a zare zare ɗaya a kai shi bakin wuta: auduga kan zama toka, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Shawararmu ita ce, a taro mai zuwa kowace ta zo da zane ɗaya da ta shekara ba ta ɗaura ba. A shimfiɗa tabarma, a kasa, a yi musanya. Mai keken ɗinki a cikinmu ita za mu fara ba aikin, don kuɗin ya tsaya a gida. Allah ya sa albarka a abin da muka mallaka.