Idan Kujerar Koci Ta Zama Fanko, Daga Ina Sunaye Ke Fitowa?

Ranar 27 ga Agusta 2024 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sanar cewa Bajamushe Bruno Labbadia ne sabon kocin Super Eagles. Mako bai zagayo ba magana ta wargaje. Shugaban hukumar, Ibrahim Musa Gusau, ɗan jiharmu ta Zamfara, ya ce harajin da dokar Jamus ta ɗora wa albashin mutumin ne ya gagara, don hukumar ba za ta biya albashi ta kuma ɗauki nauyin harajin ba. A lokacin matasa a gidajen kallo, daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, daga Zurmi zuwa Gurbin Bore, sun riga sun zaɓar wa Labbadia 'yan wasa goma sha ɗaya, alhali mutumin bai horar da kowa ba ko na yini guda.

Dama kujerar ta daɗe tana rawa a shekarar. José Peseiro ya tafi bayan Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Finidi George ya karɓa a Afrilu, ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu, ya sha kashi a hannun Benin, ya ajiye aiki a Yuni. Daga nan sai sunaye suka yi ta yawo: yau Hervé Renard, gobe Tom Saintfiet. Renard ya koma Saudiyya. Saintfiet ya tafi Mali, ya gaji kujerar da aka sauke Éric Chelle daga kanta, shi kuma Chelle ɗin ne Najeriya ta ɗauka a Janairun 2025, bayan Augustine Eguavoen ya yi ta riƙon ƙwarya.

Ruwa ba ya tsami banza, haka sunan da ya fito a jarida. Sau da yawa ejan ne ke raɗa wa ɗan jarida cewa ƙungiya kaza na zawarcin mutuminsa, ko don ya samar masa aiki, ko don inda yake aiki su tsorata su ƙara albashi. Su ma shugabannin ƙungiya suna sakin suna da gangan, su ji yadda magoya baya za su karɓa. In aka yi ca, sai su ce ba daga bakinsu aka ji ba. Wani lokaci kuma babban suna ake jefawa don a kwantar da hankalin jama'a bayan an sha kashi, kowa a ofis ya san ba kuɗin ɗaukarsa. Sauran aikin na masu shafukan Facebook ne, waɗanda ke cin abinci da yawan masu dannawa. Zuwa dare labarin ya iso teburin mai shayi, ya rasa "wai" ɗinsa a hanya, wani ya buga benci ya ce, "Wallahi an gama, har ya sa hannu!"

A Turai ƙarshen cacar-bakin yakan zama lissafi ne a fili. Da Manchester United ta kori Erik ten Hag a ƙarshen Oktoban 2024, cikin 'yan kwanaki ta biya Sporting ta Lisbon diyya ta ɗauko Ruben Amorim. Akwai kwantiragi, akwai farashi, an biya.

A nan gida ba haka ba ne, kuma Kano Pillars ce ta fi nuna hakan. Ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, an kafa ta a 1990, ta ci gasar ƙasa sau huɗu: 2008 da Kadiri Ikhana, 2012 da 2013 da Baba Ganaru, 2014 da Okey Emordi. A lura, kofi uku a jere amma koci biyu. Emordi da ya ci na ƙarshen bai ga ƙarshen kakar da ta biyo baya ba a kan kujera. Ganaru ya tafi ya dawo, Ikhana ma ya tafi ya dawo. Ibrahim Musa ya ci kofin Aiteo a 2019, amma ba a jima ba aka kawo Bafaranshe Lionel Soccoia. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023, Abdu Maikaba ya riƙe ta, sannan a 2024 aka kira Usman Abdallah, ɗan Kano wanda ya ci gasar da Enyimba a 2019. Wanda ya bi wannan jerin zai ga masu raɗe-raɗi a Ƙofar Mata ba sa wahalar neman suna, tunda kusan mutane ɗaya ne ke zagaye tsakanin Pillars, Katsina United, El-Kanemi, Wikki da Plateau United.

A ganina nan ne gardamar gidan kallo ke ɓata hanya. Ana musu kan wa ya iya tsara 'yan baya, wa ya san 4-3-3, wa ke da takardar shaidar koyarwa ta CAF. Duk suna da amfani. Amma a ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga baitulmalin jiha, mai naɗa hukumar gudanarwa shi ne gwamna, hukumar ce ke ɗaukar koci, kuma in gwamnati ta sauya kowa ya san me ke biyo baya. Kocin da ya san ciwon kansa, kafin ya tambayi wane ɗan wasa zai samu, tambaya yake yi ko za a biya kuɗin sa hannu, ko albashi na zuwa a kan kari, ko akwai motar da za ta kai yara Aba ta dawo da su lafiya. Zamfara United, da ta taɓa buga gasar firimiya a Gusau, ba rashin gwanin koci ne kaɗai ya sa aka daina jin ɗuriyarta a sama ba. Abin takaici, yaron da ke iya jera mataimakan kocin Arsenal bai san wa ke horar da ƙungiyar jiharsa ba.

A Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars, yana kuma cikin 'yan wasan ƙungiyar. Duk kocin da sunansa ya fito a Kano daga lokacin, yana da wata tambaya ta daban da zai yi wa kansa kafin ya amsa kira: ranar da wasa ya ɗauki zafi a filin Sani Abacha, zai iya ɗaga lambar maigidansa ya ce ya fito ya zauna a benci?