RUWAN FARKO ALBARKA NE, AMMA A KULA KAFIN A SHA



Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, mu a Safana, Runka da Batsari mun san yadda hadarin bazara yake: iska da ƙura su riga, sai tsawa, sai ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara. A duwatsun Atlas na Maroko, hadarin ƙarshen sanyi dusar ƙanƙara yake zubarwa a kan tsaunuka. Mu nan tamu ƙanƙarar dunƙulalliya ce, yara na tsinta suna sha.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yaye tufafinsa don ruwan sama ya taɓa jikinsa. To ruwan mai tsarki ne. Matsalar tana inda ya sauka.

Wata bakwai kwanon rufi da indararo suna tara ƙura da kashin tsuntsaye da na ƙadangare. A ƙasa kuma ga kashin dabbobi da bahaya a fili. Ruwan farko shi ke kwashe wannan duka ya zuba a randa, rijiya da tafki. Daga nan gudawa, taifot da kwalara ke shigowa gida. Ba mu manta ɓarnar da kwalara ta yi a Arewa ba a 2021, har da jiharmu ta Katsina.

Abin yi:

1. A bar ruwan farko ya wanke rufi, kar a tara shi don sha.
2. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi.
3. A tafasa ruwan sha. Alif datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.
4. A rufe randa da kwanon abinci, wannan ma sunna ce.
5. A hana yara shan ƙanƙarar da ta faɗi ƙasa.

In gudawa ta kama yaro: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Uwa ta ci gaba da shayarwa. Zuma waraka ce, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. In ido ya faɗa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ga jini a bayan gida, asibiti kai tsaye, kar a jira gari ya waye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. A tura wa 'yan uwa.